Labarin Malam Abdullahi na Gwandu da Abin da Ya Yi Sa'ad da Ya Ga Shugabanni Sun Karkace

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya keɓe annabawansa da isma, bai ba wani ita ba a bayansu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu riƙo da wuridin Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya yarda da shi, ku san dalilin wannan takarda. Waɗansu samari daga cikinku suka same ni a zaurena nan Unguwar Mu'azu bayan sallar lisha, suna kuka da wani muƙaddami, ba na faɗin sunansa, ba na faɗin zawiyarsa. An tara kuɗin rufin zawiya a hannunsa, damina biyu ta wuce ruwa yana zuba kan masu zikiri, kuɗi kuwa babu su babu bayaninsu. Ɗaya daga cikin samarin ya riga ya ajiye wuridi, domin a hannun mutumin nan ya karɓa. Ɗaya yana tambaya ko zai rama sallolin da ya yi a bayansa. Na uku kuwa yana so a yi shiru, wai tona laifin muƙaddami cin naman waliyyai ne. Na nemi su ba ni kwana bakwai. Abin da ya yi ta komowa zuciyata cikin kwanakin nan shi ne labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansu, domin ya ɗanɗani abin da ya fi naku ɗaci nesa ba kusa ba, ya kuwa yi aiki da ilmi a cikinsa.

Ku sani an haife shi a shekara ta 1180 ta Hijira, daidai da 1766 ta lissafin Nasara, Shehu ya girme shi da shekara goma sha biyu. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsu, sa'an nan yana ɗan shekara goma sha uku aka sa shi hannun Shehu. Daga nan bai rabu da shi ba, a gida da tafiya, a Degel da ƙasar Kabi da ƙasar Zamfara, yana karatu yana taimakonsa wa'azi. Ya ɗauki ilmi wurin malamai da yawa, ya lissafa su cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, cikinsu akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ɗariƙar Ƙadiriyya kuwa ita ce tafarkinsa kamar yadda take tafarkin wansa. Yana nan a Magami ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a sallar layya ya raba musu dukiya, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana mai amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da irin wannan shugabanci idonsa ya buɗe, da shi kuma yake auna kowane shugaba har ya koma ga Allah.

Sa'ad da jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, shi ne farkon wanda ya miƙa hannu ya yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa. Shi ya ja rundunar da ta karya Yunfa a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, shi kuma ya ja wadda ta ci Birnin Kabi a 1805. Ba na tsawaitawa a kan yaƙe-yaƙe, akwai littattafansu. Abin da nake so ku riƙe shi ne abin da ya auku a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda kamar mutum 2,000 na jama'a suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Waɗanda suka yi hijira domin Allah suka yi ta ƙarewa, waɗanda suka zo bayan nasara domin ganima suka yi ta yawaita, har tuta ta koma hannun wanda bai taɓa zama gaban malami ba. A kan hanyar Alwasa a 1805 runduna ta faɗa wa wani gari mai amana da jama'a ta washe shi. Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi hani ba a ji ba, har Bello ya ji tsoron ransa a hannun mutanensa. Ba a jima ba aka karya su a Alwasa karyawa mai muni, malamai kuwa ba su jingina wannan ga yawan abokan gaba kaɗai ba, sun jingina shi ga saɓon da ya gabata.

Fasali a kan fitarsa daga runduna.

A shekara ta huɗu bayan hijirarsu, wajen 1807, runduna ta fita zuwa Alkalawa, Malam Abdullahi yana cikinta. Da ya duba abin da jama'a ta zama, zuciyarsa ta ƙi. Ya ba da labarin da kansa cikin Tazyinul Waraƙati, bai sassauta wa kowa ba. Ya ga abokan tafiyarsa na farko sun tafi lahira sun bar shi cikin mutanen da himmarsu ita ce mulkin garuruwa, da tara ƙwaraƙwarai, da tufafin ado, da dawakin sukuwa a gari, da cin toshiya, da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. Waɗannan kuwa ba arna yake nufi ba, masu rawani yake nufi, masu tuta, masu alƙalanci. Bai kuma fid da kansa ba, ya tuhumi ransa da cewa shi ma abin ya taɓa shi, wannan ne ma ya fi tsorata shi. Sai ya bar runduna tare da mutum biyar, ya fuskanci gabas yana nufin Madina wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Suka kwana uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

Ku tsaya nan ku duba, ya 'yan'uwa. Wannan waziri ne, mutum na biyu a jama'a, wanda ya ci yaƙi da hannunsa. Da ya so, da ya kafa tasa tuta, da rabin malamai sun bi shi. Bai ja runduna ba, bai kira kowa ga warware mubaya'a ba, bai aika wa Gobirawa da asirin jama'a ba. Ransa kaɗai ya ɗauka ya gudu da shi. Na daɗe ina jin waɗansu suna karanta wannan fita kamar hujja ce ta barin jama'a duk sa'ad da aka ga ɓarna. Su ƙarasa karatu tukuna.

Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tare shi suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsai da addini a cikin mulki. Ya dube su ya ga cutar da ya gudo wa ta riga shi isowa, sun ci gari amma duniya ta shagaltar da su, al'amarinsu ya rikice. Ya gaya musu haka a fili. Duk da haka ya zauna. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, ya kuma wallafa musu Liya'ul Hukkami. Aka ce suka tuba suka farfasa kayan wasa, har itacen gangunansu suka mayar da shi akushin harawar dawaki. Sa'an nan niyyar Madina ta kwance, ya juya ya koma Gwandu wurin Shehu, cikin mutanen nan da ya gudo wa, ya ci gaba da aikinsa na waziri, ya ja yaƙe-yaƙe ta yamma har ƙetaren Kwara.

Na karanta Liya'ul Hukkami gaban malamina a Zariya ina saurayi, ban gane nauyinsa ba sai da gemuna ya yi fari. Mutumin da ya fi kowa ƙyamar abin da shugabanni suke yi, shi ne ya zauna ya rubuta wajibcin naɗa shugaba, da wajibcin yi masa ɗa'a cikin abin da ba saɓo ba, da sharuɗɗan waziri da alƙali da mai hisba da mai tara zakka, da hanin ma'aikaci ya karɓi kyauta daga waɗanda yake hukunci a kansu. Ya ɗebo da yawa daga wasiyyar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya mayar wa Kanawa da abin da yake nasu tun da. Da ya ga masu riƙe da gadon shugabanci sun lalace, bai ce a ƙone gadon ba. Ya yi masa shinge da Shari'a, ya rubuta iyakarsa, domin talaka ya san abin da zai bi da abin da zai ƙi.

Fasali a kan amsar tambayoyinku.

Kai da ka ajiye wuridi, koma ka ɗauka. Muƙaddami mai isar da izini ne, ba shi ne mai wuridi ba. Izinin da ya ba ka ya karɓo shi daga na gabansa, shi ma daga na gabansa, har zuwa Shehu Abdulƙadir, kuma ranar da ya ba ka yana da izinin bayarwa. Cin amanar da ya yi daga baya yana wuyansa, ba ya komawa baya ya warware abin da ya ƙullu. Isma ta annabawa ce. Waliyyi ma yana faɗuwa ya tuba, balle muƙaddamin unguwa. Ka dubi Shehu Usmanu da malaminsa Jibrilu: Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta mutane da manyan zunubai, Shehu ya rubuta cewa wannan kuskure ne, ba tafarkin Ahlus Sunna ba ne, amma bai yanke sanadinsa da shi ba, bai bar yabonsa ba har ya rasu.

Kai kuma mai tambayar salla, ba ka ramawa. Gaskiya ne Halilu cikin Muhtasar ya lissafa fasiƙi na gaɓoɓi cikin waɗanda salla take ɓaci a bayansu, amma abin dogaro wurin masu sharhi, kamar Shehu Dardiri, shi ne ta inganta tare da karhanci, muddin fasiƙancin bai rataya ga sallar kanta ba, kamar mai yin ta babu alwala da gangan. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya yi salla bayan Hajjaju, jinin da ke hannun Hajjaju kuwa ya fi kuɗin kwano nauyi.

Amma kai na uku mai son a yi shiru, kai na fi ji wa tsoro. Malam Abdullahi bai yi shiru ba, ya faɗa ya kuma rubuta, har muna karantawa yau bayan shekara fiye da 200. Ladabin muridi ga shehinsa gaskiya ne, amma ba a yi shi domin ya zama mayafin cin dukiyar Musulmi ba. Ku tafi ku uku ku same shi a keɓe ku tambaye shi lissafi. In ya kawo, ku nemi gafararsa. In bai kawo ba, ku kai magana ga wanda ya ba shi muƙaddamanci, domin mai naɗawa shi ke da sauke wa, ba ku ba. Kafin nan kada a ƙara sa ko kwabo a hannunsa, a sa wa kuɗin zawiya mutum biyu da littafi. In kuwa shugaba ya kira ku zuwa ga saɓo da kansa, ko ya halatta abin da Allah Ya haramta, to wannan babu ɗa'a gare shi, a bar tarbiyyarsa a nemi wani. Ina kuma gaya muku abin da ba ku tambaya ba: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke zuba wa mutum hadiyya ba lissafi, muna sumbatar hannu, muna hana a tambaye shi, har ya manta shi bawa ne.

Fasali a kan ƙofar da aka rufe masa.

Jarrabawa mafi girma tana gaba. Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. A 1812 Shehu ya raba lura da ƙasa, gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga kusa da Shehu a Sifawa. Cikin shekarun nan saɓani ya shiga tsakanin wa da ƙane a kan mas'aloli, kamar kiran shugaba da sunan sarauta, da kaɗa tambari, da sa tufafin alfarma. Malam Abdullahi yana tsanantawa domin yana tsoron halifanci ya juye mulki irin na sarakunan da aka kawar, ɗa ya gaji uba. Shehu yana sassautawa inda malamai suka yi saɓani. Kowa ya rubuta hujjarsa, babu wanda ya fita daga ladabi. Shehu ma cikin Najmul Ikhwani ya umarci almajirai su lazimci littattafan ƙanensa, domin shi mai tsare zahirin Shari'a ne.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232, daidai da 1817. Malam Abdullahi ya hau daga Boɗinga, ya iso ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari a gabansa. Ku auna wannan a zukatanku. Dattijo ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mafi ilmin jama'a bayan Shehu, farkon mai mubaya'a, yana tsaye bayan ganuwa, wansa yana kwance a ciki. Kuma abin da ya daɗe yana gargaɗi a kansa, ɗa a gadon uba, ga shi a gabansa yadda shi yake gani. Ba na cewa bai ji zafi ba, ya ji. Ya juya zuwa Gwandu, shekaru suka wuce bai yi mubaya'a ba, ya rubuta abin da yake gani a kan sharuɗɗan imama, Bello ma ya rubuta nasa. Ni ba na shiga tsakaninsu da hukunci, dukansu iyayenmu ne, Bello kuwa ya nuna cancantarsa da ilmi da takobi. Abin da na sani shi ne yamma duka tana hannun Malam Abdullahi, da mayaƙanta da dawakinta, bai kuwa ɗaura sirdi ko ɗaya domin Sakkwato ba.

Akwai wanda ya ɗaura. Malam Abdussalami, Ba'are, malami ne mai jama'a, almajirin Shehu tun kafin hijira. Mutanensa ne Gobirawa suka kama a Gimbana a 1803, abin da ya zama sanadin jihadi. Shi ma ya ga zaluncin ma'aikata, ya ga rabonsa na ƙasa ya yi kaɗan, ya rubuta wa Bello kukansa daga Kware. Cikin abin da ya faɗa akwai irin wanda Malam Abdullahi ya riga shi faɗa shekara goma da suka wuce. Amma shi ya warware mubaya'a, ya haɗa kai da waɗanda suke gaba da jama'a. Aka yi yaƙi tsakanin masu salla, Kware ta faɗi, ya fita da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Bello ya rubuta labarin cikin Sardul Kalami. Zaluncin da ya yi kuka da shi bai gushe da wannan yaƙi ba, sai marayu da suka ƙaru.

Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu suka yi ƙarfi, Malam Abdullahi ya yi ta fama da su bai ci garin ba. Wajen 1820 Bello ya fito daga Sakkwato da runduna domin taimakon baffansa, bai tsaya jiran a yi masa mubaya'a tukuna ba. Suka haɗu suka ci garin. Masu tarihi suka ce da suka fuskanci juna a kan dawaki, Bello ya yi haramar sauka, kamar yadda ɗa yake sauka ga ƙanen ubansa. Malam Abdullahi ya yi masa ishara da hannu ya zauna bisa sirdinsa, sa'an nan shi ya sunkuya ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi, ya yi masa mubaya'a. Na fi shekara hamsin ina ba almajirai wannan labari, ban taɓa ƙare shi muryata tana daidai ba. Bello ya ba shekaru da zumunta haƙƙinsu, Abdullahi ya ba gadon shugabanci haƙƙinsa, alhali shi ne wanda aka rufe wa ƙofa, ra'ayinsa kuma a kan gādon mulki yana nan rubuce bai goge shi ba.

Bayan Kalambaina ya sauke nauyin mulki daga wuyansa gwargwadon iko, ya bar lura da ƙasa ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, shi ya koma ga allo da tawada. Tun kafin wannan ya gama babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, daga baya ya taƙaita shi ga masu rauni cikin Kifayatu Du'afa'is Sudan. Yana da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano da Sakkwato. A tasawwufi da zuhudu yana da Minanul Mannani da Maɗiyyatuz Zadi, da Tahzibul Insani a kan tsarkake rai daga halayen Shaiɗan, wanda ya rubuta kusa da ƙarshen ransa. Wanda yake so ya san yadda mutum zai zauna cikin jama'ar da ta gauraya bai gauraya ba, ya nemi waɗannan ya karanta gaban malami.

Ya rasu a Gwandu a 1245, daidai da 1829, ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu. Kabarinsa yana nan Gwandu cikin Jihar Kebbi ta yau ana ziyara, na je sau biyu, na biyun da sanda.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, da Shehu, da Bello, da dukan malamanmu. Allah Ya shiryi muƙaddamin nan Ya ba shi ikon mayar da haƙƙi tun yana da rai, Ya rufa mana asiri mu da shi. Wanda ya ga kuskure cikin wannan takarda ya gyara, wanda ya amfana ya yi wa mai rubutu addu'ar cikawa da imani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.